Layin Alli a Tsakar Gidanmu

Sallama gare ku masu bin labarina, da waɗanda muka daɗe tare da waɗanda yau suka faɗo. Ga sababbi, a gida Shiru ake ce mini. Ɗinkin labule nake yi, kuma sai da na haura shekara ashirin na shiga ajin yamma na manya na koyi riƙe biro. Idan kun ga rubutuna yana tafiya a hankali ku yi haƙuri, kunnena ya girmi hannuna.

Wanda nake so kuwa, Gwaggo, yayar babana, ce ta raɗa masa suna Mai Layi. Aikinsa fentin layukan titi, fari da ruwan ɗorawa. Ranar da muka haɗu ina sauri zan shiga aji na taka masa ɗanyen fenti. Na tsaya ina jiran faɗa. Ya dubi sawun takalmina ya dube ni, ya ce, "Ƙafar dai a miƙe take, na yafe." Har yau sawun yana nan a wurin tsallakawa na gaban makarantarmu, ya ƙi gogewa.

Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko kalanda ce a shagon wani sai ya gyara mata zama kafin ya gaisa. Igiya da alli ba sa barin aljihunsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsalar tana wurin Baba.

Baba tsohon mai gyaran rediyo ne. Tunda idonsa ya gaji ya rufe shago, amma kunnensa bai yi ritaya ba. Daga safe zuwa yamma yana kan kujerarsa ta katako gindin taga, rediyo a kan dakali, yana bin tasha tasha. Kwanakin nan maganar duk ɗaya ce: idan ƙasa ta rabu, wa zai bi wa? Ba wanda ya ce za a raba. Amma a majalisarsu ta ƙofar gida, shi da amininsa Mai Kemis sun raba ta sun haɗa, sun sake rabawa, har ta gaji.

Baba mutumin tudu ne. Mama daga mutanen kogi take. Mai Layi kuwa ɗan gangare ne, 'yar ƙabilar da ke tsakanin biyun, waɗanda ba su da yawa, ba su da hayaniya, kuma kowa yana ƙirga su cikin nasa ba tare da ya tambaye su ba.

Da maganarmu ta kai kunnen Baba, bai yi tsawa ba. Kirana ya yi. Mama tana wanke-wanke a bakin famfo, ya miƙa hannu ya ɗauko murfin tukunya da kwano da cokali ya jera a ƙasa.

"Zauna, Uwata. Kin ga murfin nan? Mu ne, tudu. Kwanon nan kogi. Cokalin nan mutanen yaron naki. To idan aka girgiza ƙasa, ina cokali zai gangara?"

Na dubi cokalin.

"Cikin kwano. Ruwa ba ya hawa tudu. Ranar da aka ja iyaka, za su bi kogi, mu kuma mu tsaya da ƙafarmu. Sai in wayi gari 'yata tana wata ƙasa? Ga ɗan Mai Kemis nan, namu ne, gefe ɗaya za mu faɗa."

Ɗan Mai Kemis ba shi da laifi, Allah ya sani. Sai dai idan yana hira ji kake kamar ana karanta maka takardar cikin kwalin magani, har da abubuwan da ka iya biyo baya.

Mama ta kashe famfo. Ta share hannu a zaninta a hankali.

"Malam, maimaita. Kwanon nan su wa ka ce?"

"Mutanen kogi."

"Wata ƙasa ke nan."

"Idan an raba, na ce. Idan."

"To ni da nake tsugune a nan ina wanke kwanon, 'yar ina ce?"

Baba ya yi tari. "Ke ai daban ce. Kin zama tamu."

"Wa ya tambaye ni?"

Ta shiga ɗakina ba sallama, ta zazzage jakar makarantata, ta fito da guntun allin da nake koyon rubutu da shi a kan ƙaramin allo. Ta durƙusa daga bakin ƙofar gida ta fara ja a kan siminti. Mu dai kallo muke.

Layin Mama ba irin na makaranta ba ne. Ya taho kamar zai miƙe, sai ya lanƙwasa ya rungumo famfo. Ya sake karkata ya kewayo igiyar shanya. Ya yi ciki ya bar wa Baba kujerarsa da dakalin rediyo da falo. Kicin da ɗakinta suka faɗa gefenta. Banɗaki ta ce ƙasar kowa ce, ba a yaƙi a kansa. Ɗakina yana can ƙurya yana kallon ƙofar gida, da ta kusa isa gare shi sai ta ɗaga hannu.

"Wannan sai an zauna," ta ce. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa. "Daga yau mutanen kogi sun ci gashin kansu. Tudu ya dafa nasa."

Baba ya yi dariya, ya ce kafin magariba za ta goge da kanta. Magariba ta yi, layi yana nan. Da safe Mama ta share tsakar gida, ta bi inda ya dusashe ta ƙara masa alli.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune da mu tun rasuwar mijinta. Baba ya tabbata tasa ce. Da ƙamshin miya ya tashi sai ga ta ta naɗe tabarmarta ta tsallaka.

"Yaya, ina za ki? Ke fa jinin tudu ce."

"Jinina na tudu ne, cikina na kogi," ta ce. "Amarya, a ba baƙuwa masauki."

Shekara da shekaru Amarya take ce wa Mama, har furfura ta fito wa amaryar.

Haka muka shiga zaman ƙasa biyu. Baba ya koma shayi da burodi a bakin titi, yana gaya wa Mai Kemis wai likita ne ya hana shi maiƙo. Idan yana son ruwan alwala sai ya tsaya a bakin layi da buta ya yi gyaran murya, Mama ta cika ta miƙo ba ta kalle shi ba, ta ce ruwan ibada ba a hana maƙwabci. Ita kuma idan za ta kasuwa, ƙofar gida a gefensa take, sai ta ɗaga murya, "Baƙuwa za ta wuce." Ya ce, "A wuce lafiya," ya ƙara ƙarar rediyo. Gwaggo ta kama fasa-ƙwauri: takan ɓoye ɗan kwano ƙarƙashin mayafi ta ajiye bayan kujerarsa. Mama tana gani, ita ce ma take zaɓo tsokar da za a saka, amma ba ta taɓa gani ba.

Ni ce abin nema. Mama ta ƙara mini nama. Baba ya karɓi cajar wayata da ta daɗe tana wasa, ya saka tabarau ya gyara, ya miƙo mini yana cewa, "Kin ga amfanin tudu." Ina karɓa daga nan, ina karɓa daga can, ina tafiya a kan layin kamar mai bin gefen kwata.

Kada ku ɗauka duk wasa ne. Wata yamma ina guga kusa da taga na ji Baba yana gaya wa Gwaggo ƙasa ƙasa, "Ita kaɗai gare ni, Yaya. Ina jin labarin wuraren da aka raba, uba yana wannan gefe, jika yana wancan, sai dai a ɗaga wa juna hannu. Ni ban iya ba." Na manta da dutsen gugar a kan riga har ya kusa cin ta. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Gwaggo ce ta shiga tsakani har Baba ya yarda Mai Layi ya zo ya gaishe shi. Ba neman aure ba, gaisuwa kawai, ya ji ta bakinsa inda mutanensu za su faɗa. Idan amsar ba ta yi masa ba, maganar ta mutu, ya ba ɗan Mai Kemis aurena.

Na ɗauki waya.

"Baba ya ce ka zo gobe bayan la'asar."

"Alhamdulillahi. Wace riga zan saka?"

"Wadda ba fenti."

"Wannan sai an nemo. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Na rubuta: gidanmu a rabe yake. Na goge. Na rubuta: iyayena sun ja layi. Na goge. Ta yaya zan gaya wa mutum cewa gidan da yake son shiga ana neman izinin tsallaka tsakar gida?

"Babu. Ka dai yi magana kaɗan."

"Daga wurinki na koya."

Washegari tun azahar nake canza kaya. Doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a wuya, na cire, ta yi kama da ta zuwa asibiti. Shuɗiyar da na ɗinka da ragowar yadin labulen wani otal, na cire, kada ya gane labule ce. Na koma ruwan tokar, na yafa farin mayafi mai bakin zare, ɗan kwalli, turare a wuyan hannu. Wayata tana kan gado tana haske ban duba ba. Ashe saƙonsa ne: "An tashe mu da wuri. Ina ƙofa."

Baba yana masallaci. Mama tana kicin, mai yana ƙara a kasko ba ta jin komai. Gwaggo ce ta amsa sallama, ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji, kuma tana ba da labarin tana share hawayen dariya.

Wai ya zauna cikin farar riga sabuwa dal, ya gaishe ta, sai idonsa ya faɗa kan layi. Ya kau da kai. Ya sake kallo. Ya gyara zama ya juya masa baya, wuyansa ya ƙi.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Raba gidan za a yi."

"Katanga za a ja a kansa?"

"Kusan haka."

"A haka? Gwaggo, katangar da aka ɗora a kan wannan ba za ta ga damina biyu ba. Wa ya ja?"

"Wani gwani."

"Allah ya yafe masa. Ko za ki riƙe mini bakin igiya?"

Gwaggo, wadda ta san komai, ta tashi ta riƙe.

Lokacin da na fito, abin da na gani ke nan: Mai Layi a durƙushe, ya naɗe hannun riga, ya jiƙa tsumma ya goge layin Mama tas. Ya ɗaure igiya a ƙusar ƙofar gida, Gwaggo tana riƙe da ɗaya bakin, ya shafe igiyar da alli ya ja ta sama ya saki. Ta daki siminti ta bar layi fari, miƙaƙƙe kamar an sare shi da wuƙa. Ya bi ya ƙara masa kauri. Taku kaɗan kafin ƙofar ɗakina ya tsaya, don ko a aiki ba ya matsawa kusa da ɗakin mace.

Ya ɗago yana murmushi, irin na wanda ya kawo tsaraba.

Na dubi ƙasa. Famfo ya koma gefen Baba. Igiyar shanya ta rabu biyu, zannuwan Mama rabi a tudu. Kujerar Baba da dakalin da rediyo, duk sun faɗa kogi.

Na buɗe baki zan yi masa bayani. A daidai nan Mama ta fito da faranti, Baba ya yi sallama ya shigo da carbi a hannu.

Mama ce ta fara. "Wa ya ba tudu famfona?"

Baba ya tsaya cak. "Rediyona me yake yi a ƙasar waje?"

"Ina wuni, Baba. Ina wuni, Mama," Mai Layi ya ce, har yanzu a durƙushe, alli a yatsunsa. "Na ga layin ya ɗan karkace ne, na ce kafin magina su zo..."

"Waɗanne magina?" suka haɗa baki.

Tun da aka ja layi, wannan ne karo na farko da suka faɗi abu ɗaya.

"Yaro," Baba ya ce, "kai daga zuwa gaisuwa sai ka raba mana ƙasa? Wa ka tambaya?"

"Gaya masa, Malam. Na san dalilin kowace lanƙwasa a layin nan. Ka ɗauka hannuna ne yake rawa? Na kewaye kujerarsa don nan ne inuwa take kaiwa da yamma, bayansa ba ya son rana."

Baba ya juyo ya kalle ta. Ta kau da kai, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Haka suke yi," Baba ya ci gaba, amma muryar ta sauka. "Mutum ya zo daga waje da igiya, bai san wa ke shan ruwa a ina ba, ya ja abinsa a miƙe ya tafi."

Yana magana yana tafiya. Bai lura ba ya tsallaka layin ya zauna a kujerarsa. Mama ma ba ta lura ba ta ajiye farantin a gabansa, inda ta saba ajiyewa. Gwaggo ta lura. Ta saki igiya ta toshe baki da mayafi.

Mai Layi ya dube ni, idonsa yana tambaya. Na sunkuyar da kai. Laifina ne, da na yi magana jiya.

"To tunda ka iya rabo," Baba ya ce, "amsa mini abin da na kira ka dominsa. Idan an raba, ku mutanen gangare wa za ku bi? Tudu ko kogi?"

"Baba, ban sani ba. Ba a taɓa tambayarmu ba. Ni dai inda aka ce in ja nake ja." Ya dubi hannunsa. "Yau kam ba a ce ba."

"Tashi ka je. Zan neme ka, ko kada in neme ka."

Ya naɗe igiyarsa, ya ajiye allin a bakin dakali kamar wanda aka kama da kayan wani, ya fita. Gwiwar sabon wandonsa ta yi fari fat.

Gidan ya yi tsit, sai rediyo da ke ta raba ƙasa shi kaɗai. Baba ya kashe shi. Ya ɗauki allin ya juya shi a hannu, ya bi layin da ido har inda ya tsaya.

"Uwarki ta kai nan ta ɗaga hannu. Shi ma ya kai nan ya tsaya. Uwata, zo."

Na zo. Ya saka mini allin a tafi.

"Kin fi kowa ji a gidan nan, kin fi kowa shiru. Ƙarasa shi. Idan kin ja ɗakinki gefena, gobe in kira Mai Kemis. Idan kin ja shi gefen uwarki, kin bi kogi da gangare, ni kuma in san matsayina."

Ku da kuke karantawa, ku gaya mini, wane gefe ake ja a nan? In ja dama in rasa wanda nake so. In ja hagu in gaya wa tsohon da ya ce ni kaɗai gare shi cewa na bar shi. Mama ta tsaya cak tana kallona.

Na taka har ƙarshen layin, na tsaya a ƙofar ɗakina. Malamar ajinmu takan ce hannuna ya fi kyau a harafin da ba shi da kusurwa. Na tattare rigata, na sunkuya, na ja da'ira na kewaye ƙafafuna har bakin ya haɗu.

Na miƙe. Na dubi Baba.

"Baba, rabin jinina tudu, rabi kogi, kuma duk cikinku ba wanda ya tambaye ni. Nan ƙasata ce. Ba ta yaƙi da kowa, ƙofarta a buɗe take gare ka ba takarda ba izini, kai da jikokinka. Amma wanda za ta yi ƙawance da shi, ita za ta faɗa."

Gwaggo ta ce, "Ashe bango yana magana."

Baba ya daɗe yana kallon da'irar. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ƙasar da ba ta kai faranti ba."

"Ta fi taka, Malam," Mama ta ce. "Taka ko tukunya babu."

Ya ja farantin gabansa, ya buɗe, ya kai loma. Sai da ya haɗiye ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "To sabuwar ƙasa, wa kike gayyata?"

"Mai Layi."

"Ya turo manyansa in gan su. Kuma a gaya masa famfo ya koma inda yake."

"Da kujera," in ji Mama.

Na shige ɗaki, na faɗa kan gado da mayafin da komai. Saƙonninsa sun taru.

"Na ɓata ko?"

"Wallahi katanga na ɗauka."

"Ki ce wani abu, ko zagi ne."

Na rubuta: "Baba ya ce ka turo manyanka. Ka bar igiya a gida."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Na san wannan rubutu da gogewa, jiya ni na yi shi. Daga tsakar gida ina jin Mama tana watsa ruwa a siminti, Baba yana cewa ta bar masa da'irar kada ta taɓa.

Sai saƙon ya shigo.

"Na gode wa Allah. Amma akwai abin da ban gaya miki ba. Babban da zai zo Kawuna ne, shi ya riƙe ni."

"To?"

Hoto ya biyo baya. Tsakar wani gida ne, wani dattijo a kan tabarma da rediyo a gefensa. A gabansa an jera murfin tukunya da kwano, an ture su can gefe guda. Cokali yana tsakiya shi kaɗai, an kewaye shi da gawayi.

"Ya ce mutanen gangare sun gaji da bin kowa. Ba tudu, ba kogi. Kuma yana so ya ji ke 'yar ina ce."